Ɗamarar Tuman a Gurbin Hankaka

Ni na fara ganinsu. Duk wanda ya gaya maka wani ne ya riga ni, to ko dai ba ya garin a shekarar, ko kuma daga bakin Nikifor ya ji, shi kuwa Nikifor tun yana raye ma ba a kama maganarsa da hannu biyu. Ni Spiridon ban taɓa zama a aji ba, ban san baƙi ko ɗaya a takarda ba, amma a duk gaɓar yamma ta Kamchatka ba a haifi mai karanta ruwa kamata ba. Waɗanda za su yi mini musu duk na binne su.

A shekarar da nake faɗa, sama ta ƙi zubar da ruwa. Koginmu ya janye ya bar duwatsu a fili, har mata suna tsallake shi ruwa bai kai musu gwiwa ba. Kifin salmon da ke haurowa daga teku ya zo bakin kogi ya tarar yashi ya toshe hanya. Na farkon shekara ya shigo kaɗan, na tsakiya ma haka. Saura kijuc, shi ne mai rufe shekara, yana zuwa in ganye ya zube, in ya wuce kuwa sai baɗi. To, ganye ya zube, ƙanƙara ta fara kama gefen ruwa da safe, babu kijuc babu labarinsa. Mazan gari suka haƙura, suka ɗauki bindigogi suka hau duwatsu neman nama.

Ni ban bi su ba, saboda karnukana. Su ke jan narta, wato keken katako marar taya mai sulɓi a kan ƙanƙara, kuma a nan wanda ba shi da karnuka in sanyi ya kama gurgu ne, ba ɗauko itace, ba farauta, ba zuwa ko'ina. Kare kuwa busasshen kifi yake ci kullum har ƙanƙara ta narke. In babu kifi, ba a barin kare ya mutu da yunwa a ɗaure, harbe shi ake yi tun kafin sanyi ya yi nisa. Kuma mutum ba ya harbin karensa da hannunsa. Dangin matarsa ke yi masa.

Wata safiya matata Lukerya ta hau rumbu ta daɗe a ciki. Da ta sauko ta tsaya a gabana tana kakkaɓe hannu.

"Maigida, abin da ke sama na mutane ne. Ko ɓawon kifi ba zan ba kare ba."

"Kijuc na zuwa."

"Tun yaushe yake zuwa? Ranar da dusar ƙanƙara ta fara kwana a ƙasa, Nikifor zai zo. Na riga na gaya masa."

Nikifor ƙaninta ne, mai gemu, mai 'ya'ya, amma bakinsa bai taɓa girma ba. Tun kafin ranar ta zo ya maida ƙofar gidana wurin goge bindiga. Yana zaune yana shafa mata mai, yana kallon Tuman, wato babban karena mai jan gaba.

"Mijin Yaya, da wannan zan fara ko da shi zan rufe? Na ga kun fi shaƙuwa da shi fiye da Yaya."

"Shi in na yi magana yana ji."

"Ai shi ya sa nake tausayinsa."

Yana dariya, amma sai ya kau da kai daga Tuman. Shi ma ba ya son aikin.

Bayan 'yan kwanaki iska ta taso daga teku, ta haɗu da cikar ruwa, ta yini tana dukan bakin kogi. Kowa ya shige ɗaki. Ni na san abin da irin wannan iska ke yi wa yashi: kwashe shi take yi, bakin kogi ya buɗe. Gari na wayewa na bi gefen kogi a ƙafa na haura, har Gurbin Hankaka. Shi kaɗai ne wuri mai zurfi da ya rage, daga samansa kuwa tsakuwa ce zalla, ko agwagwa sai ta taka da ƙafa.

Wani zai kalli saman ruwan ya ce babu komai, don shiru yake kamar mai a kasko. Ni ƙasa na kalla. Gindin gurbin nan farin yashi ne tun ina yaro. Ranar na gan shi baƙi. Na tsuguna na ƙura ido, sai baƙin ya motsa, duk gaba ɗaya, ya ɗan matsa hagu ya dawo. Kijuc ne, kwance kan juna, sun rasa hanyar gaba.

Na ga wani abu kuma a kan yashin bakin ruwa: sawu, faɗinsa ya fi hulata, ruwa bai gama taruwa a cikinsa ba. Na beyar ne, ƙaton naman dajin nan mai gashi da zaƙo-zaƙon farce. A bakin ruwa ba ma kiran sunansa, Dattijo muke cewa. Irin wanda bai tara kitse ba har lokacin kwanciyarsa ya gabato, shi ne ba a so a haɗu da shi. Na sa ƙafa na share sawun. Wa zai gaya wa Nikifor irin wannan kafin a fara aiki?

Kwalekwale ba ya wucewa, don haka a kafaɗa muka ɗauko taru, ni da shi, muna tafe muna hutawa. Bindigarsa na rataye a bayansa, ta zame masa kamar riga. Da muka iso ya leƙa gurbin ya ga yawan kifin. Sai ya ce, "Mu biyu? Tarun nan in ya cika, maza da yawa ke jansa."

"Mazan suna kan dutse. Kafin su sauko ƙanƙara ta rufe nan."

Na zaro ɗamarar Tuman daga buhu. Ta fatar dabbar teku ce, da hannuna na ɗinka ta. Tana zagaye ƙirji, igiyar ja kuma tana shiga ta wani zobe a gefe, maɓallin ƙashi ya riƙe ta. Gwanintar maɓallin nan ita ce, muddin ana ja ba ya fita. Kare ya yi fizgar duniya, sai ƙara cijewa yake. In kana so ka kwance kare, sai ka kira shi ya dawo baya, igiya ta yi sako-sako, sannan ka zare. Hannu na gajiya, ƙirji ba ya gajiya, duk mai karnuka ya san wannan. Na tuɓe babbar riga, na ajiye ta da wuƙata a kan tsakuwa, na zura ɗamarar.

Nikifor ya zauna a ƙasa don dariya.

"Dama na faɗa. Yaya ta auri kare ba ta sani ba. In kawo maka kan kifi ka ɗan tauna?"

"Ɗaure naka gefen a saiwar can, ka rufe mini baki."

Ya ɗaure ƙarshen tarun a saiwar wata itaciya, ya rataye bindiga a reshe. Ni na ɗauki ɗaya ƙarshen na shiga ruwa, na bi gefen gurbin inda bai wuce ƙugu ba, ina zagayawa a hankali, tarun na saki a bayana. Sanyin ruwan ba ya misaltuwa. Ya ratsa dogon takalmina kamar babu shi. Na zagaye gurbin na juyo wajen tsakuwa, na kwantar da ƙirji na fara ja.

Nauyin da na ji a lokacin, ban taɓa jin daɗin wani nauyi kamarsa ba. Igiyar na kaɗawa a jikina kamar mai rai. Ruwan bayana ya fara tafasa. Nikifor na ja daga nasa gefen yana ta surutu, wai in ɗaga jela, wai in yi haushi ko zan fi ƙarfi.

Sai ya yi shiru.

Shirun Nikifor ya fi tsawa ban tsoro. Kafin in juya, aka fizge ni ta baya, na zauna daɓas cikin ruwa har wuya. Na miƙe da ƙyar. Aka sake fizga.

Dattijo ne. Ya fito daga cikin ciyayi ta ƙasan gurbin, ya shiga ruwa har ƙirji, ya kama cikin tarun, daidai inda kifin ya taru, da baki da hannu ɗaya. Fatarsa na reto a jikinsa saboda rama. Ja yake yi da baya, yana so ya kai kayan duka ɗaya gaɓar. Ni kuma ina ɗaure da kayan.

Na kafa duga-dugai a tsakuwa, tsakuwar ta bi ni. Na ga Nikifor ya sauko da bindiga.

"Nika," na ce, ban ɗaga murya ba, "ajiye."

"Cire maɓallin, Spiridon. Cire."

Ranar ce kaɗai ya kira ni da sunana.

"Ajiye, na ce. Harsashi ɗaya gare ka, kuma na kare ne. In ka ji masa ciwo zai yi birgima cikin tarun, daga ni har kifin babu mai fita."

"To cire mana."

Na kai hannu. Ƙashin ya cije a zobe kamar an haife su tare. Da hannuna na yi shi don kada ya fita, kuma bai fita ba. Wuƙata na can kan riga. Ruwa ya haura daga ƙugu zuwa ciki, ƙafata ta fara jin gangaren gurbin. Hanya ɗaya ce igiya za ta yi sako-sako, irin wadda nake kiran Tuman ya yi. Sai in koma wajen mai ja.

Na daina turjewa, na taka zuwa gare shi.

Nikifor ya fara kiran sunayen waliyyai, har da waɗanda ban taɓa ji ba. Ni ina takawa, ruwa na hawa. Na zo kusa har ina jin warinsa, warin ruɓaɓɓen kifi da jiƙaƙƙen gashi. Igiyar ta saki ta kwanta a ruwa. Na ɗora yatsa a kan maɓallin, ya motsa. Turawa ɗaya ya rage in zama ɗan kaina.

Sai na ji abu na dukan cinyoyina. Da igiyar ta saki, gefen tarun nawa ya kwanta, kifin ya samu ƙofa. Suna wuce ni ta ko'ina, jajaye, manya, suna komawa zurfi. In na zare ƙashin nan, gefen zai faɗi gaba ɗaya, Dattijo ya ja tsumman taru ya yayyaga, gurbin ya watse. Ba mu da wani tarun. Dusar ƙanƙara kuwa tana kan duwatsu, ana ganinta daga inda nake tsaye.

Na janye yatsana. Na naɗe rarar igiyar a damtse har gefen tarun ya miƙe, na laluba da ƙafa na take igiyar ƙasa mai duwatsu. Ƙofar ta rufe. Ni ne ƙyauren.

Dattijo ya ɗago kai, tarun na bakinsa, ya dube ni da 'yan ƙananan idanunsa. Ba a yi masa shiru in an haɗa ido, haka iyayenmu suka koya mana. Gaishe shi ake yi, a ba shi haƙuri, a ɗora laifin kan wani.

"Ranka ya daɗe, Dattijo, sannu da aiki," na ce. "Ba mu san gurbinka ba ne. Ni wucewa nake yi. Tarun nan ma na Nikifor ne, ga shi can tsaye."

"Kai, mijin Yaya," in ji Nikifor daga gaɓa, "ka ji tsoron Allah."

"Ka ji shi ko, ranka ya daɗe? Ko gaisuwa bai iya ba. Kada ka kula shi. Rabonka na nan, mu ba ma cin rabon manya."

Ina magana ina laluba cikin tarun da hannun dama. Ba kowane kifi ake ba shi ba. A ƙarshen shekara ƙwai yake so, don shi ne kitse. Na kamo mace mai cikakken ciki ta kunne, na ɗaga ta ya gani, na wurga ta kan tsakuwar da ke ƙasan gurbin. Ta faɗi tana tsalle. Ko kallonta bai yi ba. Ya sake ja, na ji igiyar ƙasa tana neman zamewa daga tafin ƙafata, ƙafar da na daina jin ko tawa ce.

Na kamo wata. Wannan karon na matse cikinta, ƙwan ya tsiyayo ja a kan hannuna. Hancinsa ya buɗe. Na miƙa hannu zan wurga, ya riga ni. Ban ga tahowar hannunsa ba. Kifin dai ya ɓace, hannun rigata ya ɓace, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu nama ya buɗe layi-layi, fari tukuna, sannan jini ya biyo.

Ban yi ƙara ba. Ka rubuta wannan a inda kake rubuta abubuwa. In ka yi ƙara ka zama nama.

"Ka kyauta, ranka ya daɗe," na ce. "Ai naka ne."

Amma don ya karɓi kifin sai da ya saki tarun. Ya tsaya nan gabana ya fasa cikin, ya lashe ƙwan, ya yar da sauran. Na tura hannun da ya yage ƙarƙashin ɗamara don kada jinin ya yi ta zuba a ruwa kusa da hancinsa. Da hagu na kamo ta uku, na fasa cikinta da haƙori, na wurga ta gefe, ba nisa. Ya bi ta da ido. Ya dube ni. Ya sake dubanta. Sannan ya juya, a hankali, kamar attajirin da aka roƙa, ya taka zuwa gare ta.

"Nika, mata kawai," na ce. "Fasa ciki, wurga gaba da waccan. Kowace ta fi ta baya nisa."

Allah ya ji ƙansa, ranar ya ji magana. Ya jingine bindiga, ya shiga ruwa ta nasa gefen, ya fara kamowa yana wurgawa. Ni na juya baya ga Dattijo, abin da ba a yi, na kwantar da ƙirji a ɗamara na ja.

Haka muka yi ta yi. Dattijo ya sunkuya ci, mu ja. Ya ɗago ya nufo mu, mu tsaya cak, in gaishe shi, Nikifor ya wurga. Sau ɗaya Nikifor ya yi gaggawa ya wurga namiji. Dattijo ya shinshina, ya ture shi, ya taho kai tsaye har ruwa ya kai masa gwiwa.

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe," na ce, "na gaya maka yaron ba shi da tarbiyya."

Nikifor ya wurga mata biyu a tare, Dattijo ya koma.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san gabana ya fara yin duhu-duhu, na daina jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa, ina ja ne da gwiwoyi a kan tsakuwa kamar Tuman a kan hawa. Sai na ji ƙarar kifi a busasshiyar ƙasa a bayana, irin ƙarar tafi. Cikin tarun ya hau gaɓa. Farcen Dattijo ya huda shi, wasu sun fice ta nan, amma abin da ya rage tudu ne.

Shi kuwa ya zauna can ƙasa cikin gawarwakin kifi, baki ja da ƙwai, yana kallonmu. Ya yi gyatsa. Ya tashi ya shige ciyayi ko waiwaye babu.

Nikifor ya zo ya yaga rigarsa ya ɗaure mini hannu. Sai da ya gama ya dubi ɗamarar.

"In kwance ka, ko sai ka yi fitsari a gindin itace tukuna?"

"Matso da igiyar, sakarai. Ba ya fita in ana ja."

Lukerya ce ta ɗinke hannun da zaren jijiya, tana ɗinki tana zagina, ba ta bar kakannina ba. Sannan ta tara matan gari da wuƙaƙensu suka haura gurbin, suna tafe suna buga tukwane don Dattijo ya san da zuwansu. Aka yi ta fiɗa ana ɗaukowa a baya. Iskar sanyi ta busar da wanda ta busar, sauran ƙanƙara ta riƙe shi. Kowane gida ya samu.

Ranar da dusar ƙanƙara ta kwana a ƙasa, Nikifor ya zo ƙofar gidana da bindiga, don an riga an yi magana, kuma ba a janye ba. Karnuka suka yi tsit. Lukerya ta hau rumbu. Ta daɗe fiye da wancan karon. Ina tsaye, hannu a rataye, Tuman ya jingina da ƙafata. Da ta sauko tana riƙe da busasshen kifi guda. Ba ta kalle ni ba. Ta jefa wa Tuman.

"Kai kuma me kake jira?" ta ce wa ƙaninta. "Kai abar nan gida kafin ka harbi ƙafarka."

Ko kare ɗaya ban rasa ba a shekarar. Masu hawa dutse da suka dawo, karnukana ne suka jawo musu itace. Tuman dai ya ƙi yarda da ɗamarar nan har ya mutu, da ya shinshina sai gashin wuyansa ya tashi, dole na ɗinka masa wata. Nikifor kuwa, kafin ƙanƙara ta narke ya fara gaya wa mutane wai shi ya fara hango kifin, ni tarun kawai na riƙe.

Na ga kana murmushi. To, ga hannun, na naɗe maka riga. Sa yatsunka cikin layukan nan ka ji ko wuƙa ke yin irinsu. In bai ishe ka ba, ɗamarar na rataye bayan ƙofa, maɓallin na nan daram. Bana ma ruwa ya ja baya, kuma jikokin Dattijo na nan suna zagaye gurbin. Zura ta a ƙirjinka mu haura tare. Ni zan riƙe gefen saiwa.